RAHOTON MUSAMMAN: Yadda mutum uku a Birazil suka ƙera harshen kwamfutar da duniya ta karɓa

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin wani gari ko na wani shugaba a Wikipedia ta Hausa ya san ɗan akwatin nan da ke gefe, mai ɗauke da hoto da ranar haihuwa ko yawan jama'a da sauran bayanai a taƙaice. A yawancin shafukan, ba wani ne ya zauna ya cike akwatin da hannunsa ba. Wata 'yar manhaja ce ke zuwa rumbun bayanai na Wikidata, ta ɗebo abin da ake buƙata, ta jera shi. Da wani harshen kwamfuta mai suna Lua aka rubuta ta, harshen da Wikipedia ta runguma tun shekarar 2013.

Da shi ne kuma aka rubuta manyan sassan manhajar gyaran hoto ta Adobe Lightroom, kuma wani reshensa ne ke tafiyar da wasannin Roblox da yara ke bugawa a wayoyin iyayensu. Amma Lua bai fito daga Amurka ko Turai ba. An haife shi ne a 1993 a wata jami'a da ke birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil, a hannun mutum uku da ke yi wa kamfanin man fetur na gwamnatin ƙasarsu wani ɗan aiki, wanda ba a zaci zai wuce ofisoshin injiniyoyi ba.

Ga ma'aikacin da ke rubuta takardar neman amincewa a sayo manhaja, ko hadimin da ke shirya wa maigidansa jawabi kan bunƙasa fasahar cikin gida, labarin Lua ya cancanci a tsaya a duba. Yana nuna abin da ke fitowa idan hukumar gwamnati ta miƙa wa jami'a matsalarta ta gaske, ta kuma yi haƙuri da ita shekara da shekaru. Sai dai ba a gane darasin sosai sai an leƙa cikin injin, an ga yadda aka ƙera shi.

Ƙasar da ta rufe ƙofarta

Daga 1977 zuwa 1992, Birazil ta bi wata manufa ta keɓe kasuwar ƙananan kwamfutoci da manhajoji ga kamfanonin cikin gida. An fara ta zamanin mulkin soja, aka ƙarfafa ta da doka a 1984. Duk mai son sayo manhaja daga waje sai ya bi doguwar hanya ta takardu, ya tabbatar da cewa babu kamfanin Birazil da zai iya biya masa buƙata.

Manufar ta jawo wa ƙasar asara. Kwamfutocin gida sun fi na waje tsada, ba su kai su inganci ba, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, ga kuma takun-saƙa da Amurka a kan ciniki a tsakiyar shekarun 1980. Amma ta tilasta wa wasu cibiyoyi koyon ƙera kayan aikinsu tun daga tushe. Ɗaya daga cikinsu ita ce Tecgraf, cibiyar fasahar zane da kwamfuta da aka kafa a 1987 a Jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro, wadda aka fi sani da PUC-Rio. Babban abokin hulɗarta tun farko shi ne Petrobras, kamfanin man fetur na ƙasar.

Rana da wata

Injiniyoyin Petrobras na da wata matsala mai cin rai. Sau da dama a rana sukan shirya fayilolin da za a ɗura wa tsofaffin manhajojinsu na lissafi. Fayilolin jerin lambobi ne zalla, babu abin da ke nuna wace lamba ce ta mene ne, kuskure ɗaya kuwa ya isa ya ɓata sakamako. Suka nemi Tecgraf ta sauƙaƙa musu aikin. Maimakon a rubuta sabuwar manhaja ga kowane irin fayil, Luiz Henrique de Figueiredo, masanin lissafi, da wani abokin aikinsa suka tsara ɗan ƙaramin harshe mai suna DEL, wanda ake bayyana kowane fom na shigar da bayanai da shi.

A daidai wannan lokaci, Roberto Ierusalimschy, malami a sashen kimiyyar kwamfuta, da Waldemar Celes, injiniya mai karatun digiri na uku, suna aikin wata manhaja da ke fitar da rahoton jerin duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa. Su ma sun tsara nasu harshen, SOL, kalmar da ke nufin rana a harshen Fotugal.

Ba a daɗe ba masu amfani da DEL suka fara neman ƙari. Suna son harshen ya iya cewa idan abu kaza ya faru a yi kaza, ya kuma iya maimaita aiki har sai wani sharaɗi ya cika. SOL ma an gama shi a farkon 1993, amma ba a miƙa shi ba, domin an gane cewa shi ma zai buƙaci haka. A tsakiyar shekarar mutanen uku suka zauna, suka yanke shawarar haɗe biyun a cikakken harshe guda. Sun duba waɗanda ake da su. Tcl na aiki ne a kan Unix kawai a lokacin, Python na jariri, rubutun dangin Lisp kuma ba ya karɓar baƙo. Sai suka ƙera nasu. Tunda ya gaji rana, wani abokinsu a cibiyar ya ba da shawarar a raɗa masa suna Lua, wato wata.

Buƙatun Petrobras ne suka zana musu iyaka. Masana duwatsu da injiniyoyi ne za su yi rubutu da harshen, don haka dole ya yi sauƙi. Kwamfutocin da ake aiki da su iri-iri ne, dole ya hau kowacce. Kuma ba shi kaɗai zai tsaya ba, za a cusa shi ne cikin manyan manhajoji da aka rubuta da harshen C, saboda haka dole ya zama ƙarami.

Mafassari da injin kwaikwayo

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jin harshen mutane. Lambobi kaɗai take ganewa, kowace lamba na nufin wani ɗan ƙanƙanin umarni: ɗauko wannan, tara shi da wancan, tsallaka zuwa wuri kaza. Kuma kowane dangin na'ura da nasa lambobin. Abin da ƙwaƙwalwar Intel da ke kwamfutar ofis ke fahimta, ta ARM da ke cikin waya ba ta san shi ba.

Hanyoyi biyu aka gada na cike wannan giɓi. Ta farko, a fassara dukkan rubutun manhaja zuwa lambobin na'ura tun kafin a fara aiki, kamar yadda ake fassara kundin doka a buga shi. Manhajar da ke wannan aiki ita masana ke kira kompaila, mu ce mafassari. Abin da ya fitar yana da sauri, amma sai an sake fassarawa ga kowace irin na'ura. Hanya ta biyu ita ce ta tafinta a kotu: a karanta jimla, a aiwatar, a karanta ta gaba. Tana da sauƙi, sai dai idan aka ce a maimaita wata jimla sau miliyan, tafinta zai sake nazarinta sau miliyan.

Lua ya bi ta tsakiya, hanyar da masu harshen Pascal suka yi amfani da ita tun shekarun 1970, wadda Java da Python ma ke bi. Sai a ƙago wata kwamfuta a takarda, wadda babu masana'antar da ta taɓa ƙera ta, a tsara mata 'yan umarni masu sauƙi. Mafassari ya juya rubutun mai manhaja zuwa waɗannan umarni sau ɗaya. Daga nan a rubuta wata manhaja da harshen C da za ta riƙa kwaikwayon wannan kwamfuta: ta ɗauko umarni, ta duba irinsa, ta aiwatar, ta ɗauko na gaba, haka har a gama. Wannan shi ne injin kwaikwayo. Duk na'urar da ke da mafassarin C, kuma kusan kowacce na da shi, za ta iya ɗaukar injin, ta haka ta ɗauki Lua gaba ɗaya. Shi ya sa mutanen uku suka ɗaure kansu da daidaitaccen C, suka guje wa dabarun da ke aiki a wata na'ura su ƙi a wata, ko da za su ƙara sauri.

Karatu ɗaya tak

Mafassari na aiki ne mataki-mataki. Da farko akwai mai rarrabe kalmomi, wanda ke bin haruffa ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan suna ne, wannan lamba, wannan alamar tarawa. Sai mai li'irabi, wanda ke duba ko jerin kalmomin ya dace da nahawun harshen. Yawancin mafassara kan gina bishiyar li'irabi ta dukkan rubutun, irin wadda ɗaliban nahawu ke zanawa a allo, su bi ta sau da dama suna gyara, kafin su fitar da umarni.

Mafassarin Lua ba ya gina bishiya. Yana karanta rubutu sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, yana fitar da umarni yana tafiya. Dalilin na komawa ga asalin harshen. Tun farko ana amfani da shi wajen bayyana bayanai, fayil ɗaya kan ƙunshi dubban layuka, kuma gina wa irin wannan fayil bishiya zai cinye ma'ajiyar kwamfutocin wancan zamani, ya ɓata lokaci.

Da farko sun dogara da lex da yacc, kayan aikin Unix da ke ƙera mai rarrabe kalmomi da mai li'irabi da kansu idan aka ba su ƙa'idojin harshe. Da suka auna, suka tarar mai rarrabe kalmomin ne ke jan ƙafa, suka rubuta nasu da hannu, saurin mafassarin ya kusa ninkawa. Yacc kuwa sun riƙe shi har zuwa sigar 3.0 ta 1997, lokacin da nahawun ke ta canzawa. Da ya zauna, shi ma suka maye gurbinsa da na hannu, wanda ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi iya gaya wa mai rubutu ainihin inda ya yi kuskure.

Karatu ɗaya na da wahalarsa. Idan mafassari ya ci karo da wurin da aka ce a tsallake wani sashe muddin sharaɗi bai cika ba, bai san tsawon sashen ba tukuna, domin bai kai ƙarshensa ba. Sai ya fitar da umarnin tsallakewar ya bar wurin nisan a buɗe, idan ya isa ƙarshen sashen ya dawo ya cike, kamar magatakarda da ke barin wurin lambar shafi a wasiƙa har sai ya gama haɗa rahoto.

Daga tarin fayil zuwa gurabe masu lamba

Shekaru goma na farko, injin Lua na aiki ne da tsarin tari, irin na Java da Python. A kwatanta da teburin da aka jibga wa fayiloli ɗaya kan ɗaya, aka kuma kafa doka cewa na sama kaɗai ake taɓawa. A ce mai manhaja ya rubuta wannan layi:

albashi = albashi + alawus

Injin tari zai buƙaci umarni 4. Ɗauko albashi ka ɗora a kan tari. Ɗauko alawus ka ɗora. Sauke biyun na sama ka tara, ka ɗora jimillar. Sauke jimillar ka mayar wurin albashi. Mafassarin irin wannan inji na da sauƙin rubutawa, shi ya sa ya yaɗu. To amma kowane umarni da kuɗin ƙofarsa: sai injin ya ɗauko shi, ya tantance irinsa, ya tsallaka inda ake aiwatar da shi. Sau da yawa wannan zirga-zirga ta fi ainihin tarawar cin lokaci.

A sigar 5.0 da ta fito a watan Afrilu na 2003, suka rushe injin suka gina sabo a kan tsarin gurabe. Maimakon tari, sai a ɗauka akwai kanta irin ta ofishin rajista, mai gurabe masu lamba. Mafassari ya ba albashi gurbi na 0, alawus gurbi na 1. Layin nan na sama ya koma umarni ɗaya: tara abin da ke gurbi na 0 da na 1, ka ajiye a na 0.

Kowane umarni na sabon injin faɗinsa bit 32 ne, bit kuwa shi ne ɗigon bayani mafi ƙanƙanta, ko sifili ko ɗaya. An raba su ne kamar yadda ake raba kasafi. Bit 6 na faɗin irin umarnin, 8 na nuna gurbin da za a ajiye sakamako, sai 9 da 9 na nuna abubuwa biyun da za a yi aiki da su, ko dai gurbi ko wata tsayayyar lamba da ke rubuce a cikin manhajar. Bit 6 na iya bambance umarni 64, injin ya wadatu da 35. Bit 8 kuma ba sa bambance fiye da gurabe 256, wannan na daga dalilan da suka sa sashen aiki guda a Lua ba ya riƙe sunayen cikin gida fiye da 200.

Abin da ake tsoro a tsarin gurabe shi ne warware kowane umarni zai ci lokaci, mafassari kuma ya rikice wajen rabon gurabe. A maƙalar da mutanen uku suka wallafa a 2005 kan ginin sigar 5.0, sun nuna cewa raguwar yawan umarni ta rinjayi wannan. A gwajin tara lambobi masu yawa a jere, lokacin ya ragu da fiye da rabi, a sauran gwaje-gwajen kuma ribar ba ta kai haka ba. Rabon guraben ma sun sauƙaƙa shi: kowane suna ya samu gurbinsa bisa jerin bayyanarsa, na wucin-gadi su biyo baya. A saninsu, kafin wannan babu wani inji irinsa da ya samu yawan masu amfani. A 2008 wayoyin Android na farko suka fito da injin Dalvik, shi ma na gurabe.

Takardar nuni da mai shara

Akwai wata matsala da karatu ɗaya ya ƙara wa wuya. A Lua ana iya rubuta ƙaramin sashen aiki a cikin babba, ƙaramin ya riƙa amfani da ƙimar da ke gurbin babban, ya kuma ci gaba da rayuwa bayan babban ya gama an rabar da gurabensa. Mafassarin da ke karatu sau ɗaya ba zai san tun farko wace ƙima ce za a buƙata daga baya ba. Mafitar da suka samo ita ce a ba ƙaramin wata 'yar takardar nuni. Muddin babban na aiki, takardar na nuna gurbin da ƙimar take. Idan zai rufe, sai a kwafe ƙimar zuwa cikin takardar kanta. Mai riƙe da ita bai ma san an yi sauyi ba. Ma'aikacin da ya taɓa neman fayil bayan an rushe wani sashe an haɗe shi da wani ya san darajar irin wannan tsari.

Sai maganar shara. Manhaja na ƙirƙirar bayanai tana watsarwa ba ƙaƙƙautawa, dole a samu mai bi yana gano waɗanda ba a buƙata ya maido da wurinsu. Har zuwa sigar 5.0, mai sharar Lua kan dakatar da komai ya share gaba ɗaya. Ga rahoton duwatsu wannan ba wani abu ba ne. Ga wasan da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa kuwa, ido na ganin ko ɗan tsayawa. Saboda buƙatar masu ƙera wasanni, sigar 5.1 ta 2006 ta zo da mai shara da ke aiki kaɗan-kaɗan a tsakanin sauran ayyuka. Sigar 5.4 ta 2020 ta ƙara wani salo da ya fi mai da hankali kan sababbin bayanai, domin su suka fi saurin mutuwa.

Sai ukun sun yarda

Bayan fiye da shekara 30, dukkan asalin rubutun Lua layuka ne wajen 30,000 na C. A sigar 5.4, keɓaɓɓun kalmominsa 22 ne. Tsarin ajiye bayanai ɗaya ne tak, wato jadawali, wanda ke zama jeri ko ƙamus ko fom, gwargwadon yadda aka yi amfani da shi.

Da gangan aka bar shi haka. Mutanen uku sun kafa wa kansu ƙa'ida cewa ba a shigar da sabon abu sai dukkansu sun amince. Idan ɗaya ya ƙi, a ajiye maganar. Hujjarsu ita ce ƙara abu daga baya ya fi cire shi sauƙi. Kowa na iya karanta rubutun Lua, ya kwafa, ya sauya, ya sayar, amma asalin harshen su kaɗai ke taɓa shi. Suna sauraron shawarar jama'a, sannan su rubuta da hannunsu.

Yadda ya tsallaka teku

Sigar farko da aka sakar wa jama'a ita ce 1.1, a watan Yuli na 1994, da sharaɗin cewa kyauta ce ga malamai da ɗalibai, ɗan kasuwa kuwa sai ya zo an yi ciniki. Ko ciniki ɗaya ba a ƙulla ba. A 1995 suka janye sharaɗin, a 2003 kuma suka koma lasisin MIT, wanda lauyoyin kamfanoni suka saba da shi.

A watan Disamba na 1996 mujallar Dr. Dobb's Journal ta Amurka ta buga maƙalarsu. Bret Mogilefsky, babban mai rubuta manhajar wasan Grim Fandango a kamfanin LucasArts, ya karanta, ya gwada, ya ɗora wasan a kan Lua. Da wasan ya fito a 1998, labari ya bazu a tsakanin masu wannan sana'a. Abin da ya ja su shi ne abin da Petrobras ya nema tun farko: ƙwararru su rubuta sashe mai nauyi da C, masu tsara labari su riƙa sauya ƙa'idoji da ɗan harshe mai sauƙi ba tare da an sake gina komai ba.

Abin mamaki, Lua ya yi suna a waje kafin gida. Da Turanci aka rubuta littafin koyar da shi da Ierusalimschy ya fitar a 2003, kuma sai bayan fiye da shekara goma ya fito da harshen Fotugal. Yuri Takhteyev, wanda ya yi bincike a tsakanin masu rubuta manhaja a Rio de Janeiro ya kuma wallafa littafin Coding Places a 2012, ya nuna yadda kamfanonin Birazil suka fi sakin jiki da harsunan da suka zo daga waje.

Riƙon da ukun suka yi wa harshen ma bai tafi haka nan ba. Ba sa jin nauyin sauya ƙa'ida daga siga zuwa siga idan suka ga ya fi, abin da kan karya tsofaffin manhajoji. Don haka manyan masu amfani da dama suka tsaya a 5.1. Wikipedia na nan a kai. LuaJIT, injin da Mike Pall ya fara fitarwa a 2005 mai fassara umarni zuwa lambobin na'ura ana cikin aiki, shi ma daga nan ya kama hanyarsa, haka Luau na kamfanin Roblox. A sigar 5.2 ta 2011 kuma suka cire mai tantance umarnin da aka riga aka fassara, bayan ya bayyana cewa ana iya zagaye shi, suka gargaɗi jama'a da kada su ɗura wa injin umarnin da ba su san asalinsa ba. Ƙanƙantar da ta ja masu wasanni ta ja wasu ma: manhajar leƙen asiri ta Flame, da aka gano a 2012 a kwamfutocin Gabas ta Tsakiya, na ɗauke da Lua a cikinta.

Ga masu rubuta takardu a Abuja

Najeriya ba ta rasa dokokin fifita kayan gida ba. Akwai dokar 2010 ta shigar da 'yan ƙasa harkar man fetur da iskar gas, da ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2013 kan fasahar sadarwa. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a umarnin zartarwa mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da hukumomi ke kashewa a wasu fannoni, har da fasahar sadarwa, ya tafi ga kayan gida. A watan Fabrairu na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya bi da mai lamba 5. Akasarinsu na magana ne kan wanda za a saya wa kaya ko a ba kwangila. Labarin Lua na nuni ga wani abu dabam.

An haifi harshen ne shekara guda bayan Birazil ta buɗe kasuwarta, kuma da yawa daga kamfanonin ƙera kwamfuta da manufar ta kare ba su jure buɗewar ba. Abin da ya tsira shi ne ƙwarewar da ta zauna a hannun mutane, da cibiyar da ke da abokin ciniki tsayayye. Petrobras bai ba da kwangilar ƙera harshe ba. Ya kawo matsalar fayilolin lambobi ne, ya ci gaba da kawo wasu, hulɗar da aka fara a 1987 na nan har yau, haƙƙin mallakar Lua kuma ya tsaya a wajen jami'ar.

A nan gida, sanannen misalin manhajar da malaman jami'a suka kawo wa gwamnati shi ne UTAS, wadda ƙungiyar ASUU ta gabatar a 2020 a madadin tsarin biyan albashi na IPPIS. Ta zo ne a tsakiyar yajin aiki, aka yi ta jayayya kan sakamakon gwajinta, har a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga IPPIS. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, a teburin sasanci ɓangarorin suka haɗu, babu wanda ya zo wajen wani a matsayin mai matsala da ke neman maƙeri.

Ba wai Najeriya na buƙatar nata harshen da zai yi gasa da Python ba ne. Amma dabarar da ta haifi DEL na da wurin zama a ma'aikatunmu. Ƙa'idojin alawus da haraji da fansho na canzawa da kowace sabuwar sanarwa. Idan an kulle su a cikin cikin manhaja, sai an kira ɗan kwangila kowane lokaci. Idan kuwa an rubuta su da ɗan harshe mai sauƙi da jami'in sashen kuɗi zai iya karantawa, mai binciken kuɗi ya iya bi layi-layi, to ikon ya dawo hannun hukuma. Kafin a sa hannu a takardar sayo manhaja, ya kamata a ga amsar wasu tambayoyi a rubuce: a hannun wa asalin rubutun zai zauna, shin ma'aikatanmu na iya sauya ƙa'ida da kansu, za ta hau kwamfutocin da muke da su, kuma me zai faru ranar da ɗan kwangila ya tafi.

Wanda ke son ganin aikin da idonsa, asalin rubutun Lua na nan kyauta a intanet, kuma nauyinsa bai kai na hoto ɗaya da wayar zamani ke ɗauka ba. Ɗalibin ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta a Zariya ko Nsukka ko Ife na iya karance mafassarin da injin gaba ɗaya a zangon karatu guda. Waldemar Celes ma ɗalibi ne lokacin da ya rubuta sigar farko.